Hayaƙin masana'antun sinadarai da buhun yuriya: ta yaya za a rage, kuma wa zai biya?

Malam Hamadu, Garwa

Assalamu alaikum. Ina gaishe da malamai da dattawan wannan zaure. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoman auduga a karkarar Garwa, kuma ni ke riƙe da littafin takin da mambobinmu ke karɓa bashi daga kamfanin auduga na SODECOTON a goshin damina, a cire kuɗin idan an auna auduga. A tarurrukan da ake kiranmu kan sauyin yanayi, sau da yawa ana lissafa takin zamani cikin abubuwan da ke ɗumama duniya, ana cewa masana'antun sinadarai da ke yin sa suna cikin manyan masu fitar da hayaƙi. Idan na koma ƙauye, manoma sukan tambaye ni ko nufin masu wannan magana shi ne a hana mu taki, ni kuwa ba na son in amsa musu da ka.

Ina roƙon masana su fayyace mana daga ina ainihin wannan hayaƙi yake fitowa a cikin masana'anta, kuma ko akwai hanyar rage shi da aka gwada aka ga ta yi aiki, ko duk zancen ɗakin taro ne. Sannan idan an rage, wa zai biya kuɗin, mai masana'anta ko manomin Pitowa da Gashiga?

Injiniya Abba, Njamena

Wa alaikumus salam, Malam Hamadu. Kun ɗauko maganar ta inda ya dace, domin a cikin duk abin da masana'antun sinadarai ke sarrafawa, da leda da roba da fenti da sabulu, babu sinadarin da yin sa ya kai na amoniya fitar da iskar kabon dayoksaid, kuma da amoniya ake yin kowane takin naitirojin, har da yuriyar da ke cikin littafinku. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa yin amoniya yana fitar da kimanin tan miliyan 450 na wannan iska a shekara, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na amoniyar taki ake yi da ita.

Amoniya haɗi ce ta naitirojin da haidurojin. Naitirojin ba ya da wuyar samu, shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Wahalar tana wajen haidurojin. Hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a Oppau ta ƙasar Jamus a 1913, tana haɗa su biyun a zafin digiri 400 zuwa 500 ƙarƙashin matsi mai ƙarfi ƙwarai, kuma har yau da ita ake aiki. Haidurojin ɗin kuwa galibi daga iskar gas ake tatso shi: a gauraya gas da tururi a cikin murhu mai zafin digiri 800 ko fiye, haidurojin ya rabu, kabon da ke jikin gas ɗin ya fita a matsayin kabon dayoksaid. Saboda haka hayaƙin ƙofa biyu gare shi. Kusan kashi biyu bisa uku daga rabuwar gas ɗin kansa yake fitowa, ragowar daga wutar da ke dafa murhun. Kowane tan na amoniya da aka yi da gas yana barin tsakanin tan ɗaya da rabi da tan 2 na kabon dayoksaid, inda kuma ake yi da kwal, kamar yawancin masana'antun ƙasar Sin, abin ya kusa ninka hakan.

Game da hanyoyin ragewa, mafi araha su ne waɗanda ba a yi musu taro: a tattara zafin da ke salwanta a mayar da shi tururi, a sabunta tsofaffin injinan matsi, a toshe bututun da ke yoyon iskar mitan (ita ce mafi yawa a cikin iskar gas), wadda a cikin shekara 20 ta fi kabon dayoksaid ɗumama duniya kusan sau 80. Waɗannan suna biyan kuɗin kansu, domin gas ɗin da bai tsere ba kuɗi ne a aljihun mai masana'anta.

Wanda ni nake ganin ya fi cancantar a matsa a kansa shi ne iskar naitiros oksaid. Masana'antun da ke yin asid na naitirik domin takin naitiret, da masu yin asid na adifik domin nailan, suna fitar da ita ta bututun hayaƙinsu, kuma tan ɗaya nata daidai yake da tan 273 na kabon dayoksaid a lissafin shekara 100. Maganinta sananne ne: ana sa wani sinadari mai hanzarta aiki a kan hanyar hayaƙin, ya farfasa ta ta koma naitirojin da iskar shaƙa, kuma yana iya kawar da fiye da kashi 90 cikin 100. Manyan masu yin asid na adifik a Turai da Amurka sun kafa irin wannan tun shekarun 1990. Abin da ya hana wannan hanya game duniya shi ne ba ta ƙara wa mai masana'anta ko dala ɗaya, shi ya sa ba a kafa ta sai inda doka ta tilasta ko aka samu mai biya. Wannan ne ya sa Jamus ta ɓullo da wani shiri a taron Paris na 2015 domin biya wa masana'antun asid na ƙasashe masu tasowa kuɗin kafawa.

Akwai kuma kama kabon dayoksaid kafin ya fita. A masana'antar amoniya wannan ya fi sauƙi da ko'ina, domin kason da ke fitowa daga rabuwar gas kusan tsantsa yake, kuma da ma da shi ake haɗa yuriya. Sai dai kada wani ya ce muku yuriya ta ɓoye shi. Buhu mai kilo 50 ya ci kimanin kilo 37 na kabon dayoksaid wajen yin sa, kuma da zarar takin ya narke a gona wannan iska za ta koma sama. Ɓoyewa ta gaskiya sai an tura shi can ƙarƙashin duwatsun ƙasa, aikin da ke bukatar bututu da rijiyoyi da sa ido na shekaru.

Ɓangaren leda da roba ya fi wuya. Murhunan da ke farfasa man fetur da gas domin samar da asalin roba suna aiki a zafin digiri 850, kuma sai a watan Afrilu na 2024 kamfanonin BASF da SABIC da Linde suka kunna na gwaji mai aiki da lantarki a Ludwigshafen, mai megawat 6 kacal. Shi ma ba ya rage komai idan lantarkin da kwal aka samar da shi.

Alhaji Sale, Kusiri

Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayani ya fito. Amma ni ɗan kasuwa ne, kuma tambayar Malam Hamadu ta ƙarshe ce ta fi damuna, ita ce kuma aka tsallake. Duk abin da aka ɗora wa masana'anta a kan buhu yake sauka, buhu kuma a kan manomi. Mun gani a ƙarshen 2021 da 2022, lokacin da gas ya yi tsada a Turai, masana'antun amoniya da dama suka rage aiki, yaƙin Rasha da Yukiren ya zo ya ƙara, farashin yuriya a kasuwar duniya ya ninka fiye da sau biyu. Kafin buhu ya taso daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya shiga mota ya bi hanyar Garwa da Marwa har ya iso nan bakin gada, an ƙara masa kuɗin hanya mai nauyi, kuma na ga manoman da suka koma gida da rabin abin da suka zo saye.

Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na kabon dayoksaid na duniya. A taron Abuja na 2006 shugabanninmu sun yi alkawarin kai amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, yawancin ƙasashenmu har yau ba su kai ba. Wanda ƙasarsa ke jin yunwar taki ba shi ne za a ce ya biya kuɗin wanke sararin sama ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Yanzu kuma Tarayyar Turai ta kawo harajin kabon a kan iyakarta, wanda ya shafi taki da siminti da ƙarfe da alminiyam, aka fara da kai rahoto a Oktoban 2023. Abin da nake hange shi ne masana'antu za su tura kayan da aka yi da tsabta zuwa Turai inda ake biya, mu kuma a turo mana sauran, hayaƙin duniya bai ragu da komai ba.

Bashiru, ɗalibin injiniyan sinadarai, Ngaundere

Baba Alhaji, ina neman afuwa in sa baki a gaban manya. Tsoron da kuka bayyana yana da tushe, kuma an taɓa ganin yadda biyan kuɗi ba tare da lura ba ya karkatar da niyya. Akwai wata iska mai suna HFC-23 da ke fita a gefe wajen yin sinadarin sanyaya firiji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda tan ɗaya nata ya haura tan 14,000 na kabon dayoksaid. Ƙone ta ba shi da tsada, amma a ƙarƙashin tsarin yarjejeniyar Kyoto kan sauyin yanayi kuɗin da ake biyan masana'antun Sin da Indiya domin ƙone ta ya yi yawa har aka yi zargin wasu suna ƙara samar da ita domin a biya su, Tarayyar Turai ta daina karɓar takardun shaidar ƙone ta daga 2013. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montreal a Kigali a 2016 ya sauya salo, ya wajabta lalata ta. Abin da na fahimta daga nan shi ne, a irin waɗannan iskoki da kuɗin kawar da su bai taka kara ya karya ba idan aka raba shi a kan kowane tan na kaya, doka ta fi lada aiki, kuma da wuya manomi ya ji nauyinta a farashin buhu. Inda farashi zai tashi sosai shi ne idan aka sauya tushen haidurojin baki ɗaya.

Malama Hadiza, Marwa

Ina koyar da ilmin ƙasar noma, kuma ina so in ja hankalin zauren zuwa wurin da ba a leƙa ba tukuna. Idan aka bi takin naitirojin tun daga masana'anta har zuwa girbi, fiye da rabin iskar da yake jawowa a gona take fita. Naitiros oksaid ɗin da Injiniya ya ambata, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa ma suna samar da ita daga naitirojin da shuka ba ta sha ba, musamman idan ƙasa ta jiƙe ruwa ya kwanta. A faɗin duniya shuka ba ta shan ko rabin naitirojin da ake zuba mata. Saboda haka, Malam Hamadu, wani kaso na amsar tambayarku yana hannun mambobinku, kuma shi ne kason da ba ya cin kuɗi.

Na yarda da Alhaji cewa matsalarmu ƙarancin taki ce, ba yawansa ba, kuma ba zan taɓa ce wa manomin yankinmu na Diyamare ya rage ba. Amma ɗan abin da muke samu ma muna asarar mai yawa daga cikinsa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Idan aka watsa shi a saman busasshiyar ƙasa da tsakar rana aka tafi, wani kaso mai yawa zai tashi sama a matsayin amoniya kafin saiwa ta same shi. Idan kuma aka zuba gab da ruwa mai ƙarfi, ya wanke ya bi kwari. A tona a binne shi kusa da gindin shuka a rufe, a kan ƙasa mai danshi, a raba shi kashi biyu maimakon a juye gaba ɗaya, a yi huɗa bayan an sa. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore a Nijar ta daɗe tana gwada sa ɗan taki kaɗan a cikin ramin shuka na gero da dawa, kuma amfanin da aka samu ya nuna cewa wurin da aka sa takin yana da muhimmanci kamar yawansa.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne na darbejiya. Tun 2015 Indiya ta wajabta a shafe yuriyar da ake yi a ƙasar da man darbejiya, domin yana rage saurin da ƙwayoyin ƙasa ke juya naitirojin zuwa naitiret, shuka ta samu lokacin sha. Titunan Marwa cike suke da wannan itace, 'ya'yansa suna zuba ana sharewa, mata kaɗan ne ke tsinta su matse mai domin sabulu da magani. Ga ƙaramar sana'ar sinadarai da ta yi daidai da ƙarfinmu, wadda ƙungiya irin taku za ta iya gwadawa a 'yan gonaki, a kwatanta da na kusa da su kafin a yaɗa.

Kada kuma a manta da wake da gyaɗa da waken soya a juyin gona, da gawo da kakanninmu suka ƙi sarewa a tsakiyar gona saboda yana zubar da ganye da damina ya bar wa dawa haske da taki. Duk kilon naitirojin da waɗannan suka bayar, kilo ne da ba a ƙona gas an yi shi ba. Ba za su maye gurbin buhu a gonar auduga ko masara ba, amma suna sa buhun ya yi aikin da ya fi nasa.

Malam Hamadu, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama, maganar binnewa da rabawa malaman gona suna faɗa mana, amma ban taɓa jin an haɗa ta da hayaƙi ba, kuma zan kai ta taronmu. Injiniya, Bashiru ya taɓo sauya tushen haidurojin. Na ji ana cewa ana iya yin taki da ruwa da hasken rana kawai. Ga madatsar Lagdo a kusa da mu, ga tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa, ga rana da ba ta yi mana rowa. Me zai hana a yi shi a nan, mu huta da jiran jirgi?

Injiniya Abba, Njamena

Malam Hamadu, ana iya yi, kuma ba sabon abu ba ne. Ana ratsa ruwa da lantarki ya rabu, a ɗauki haidurojin a haɗa da naitirojin na iska, babu gas babu kwal. Norway ta yi haka shekaru masu yawa da wutar madatsunta, Masar ta yi a Aswan daga 1960, kamfanin Sable a Kwekwe ta Zimbabuwe ya yi daga 1972 da wutar Kariba har ya rufe wannan sashe a 2015. Babban abin da ya kashe su shi ne gas ya fi lantarki araha.

Ga lissafin a kan Lagdo. Tan ɗaya na amoniya ta wannan hanya yana cin kimanin megawat 10 na awa ɗaya. Ƙarfin Lagdo megawat 72 ne; da a ce injinanta huɗu za su yi ta juyi dare da rana shekara guda cur, abin da ƙarancin ruwa ba ya bari, za ta ba da kimanin megawat-awa 630,000, wato amoniya tan 63,000, ko yuriya kusan tan 110,000. A ma'aunin bukatar arewacin Kamaru wannan ba ƙaramin taki ba ne, ya haura buhu miliyan 2. Amma sharaɗinsa shi ne Garwa da Marwa da Ngaundere su zauna cikin duhu, injinan gurzar auduga da matsar mai su tsaya, kuma duk da haka bai kai kashi 4 cikin 100 na tan miliyan 3 da aka gina masana'antar takin Dangote ta Lekki a Najeriya, wadda aka buɗe a Maris 2022, ta riƙa fitarwa a shekara ba. Tashoshin Gidar da Marwa an fara su da megawat 15 kowace, kuma an kafa su ne domin cike giɓin da Lagdo ta bari, ba domin rara ba. Injin haɗa amoniya kuma ba ya son a kashe a kunna, saboda haka mai dogara da rana sai ya tanadi tankunan haidurojin ko batura na dare.

Akwai ƙulli na biyu. Yuriya ba ta haɗuwa sai da kabon dayoksaid, masana'antar da ba ta ƙona gas kuwa ba ta da shi. Ko a samo shi daga wani wuri, misali hayaƙin masana'antar siminti irin ta Figil, wanda sai an tace shi da tsada, ko a bar yuriya a koma takin naitiret. Shi kuma naitiret yana bukatar asid na naitirik, da na'urar kawar da naitiros oksaid da muka ambata, sannan amoniyam naitiret abu ne mai fashewa, kamar yadda aka gani a tashar jiragen ruwa ta Beirut ranar 4 ga Agusta 2020. A yankin da ke fama da matsalar tsaro irin na tafkin Cadi, ba na jin hukuma za ta saki hannu a kansa. Ƙananan injina kuwa ana gwada su: a Naivasha ta Kenya an kafa ɗaya mai aiki da hasken rana a 2023, yana ba da kimanin tan ɗaya na amoniya a rana, ana tura ta cikin ƙasa kai tsaye da kayan aiki na musamman. Wannan ya dace da babbar gona guda mai ma'aikata horarru, kuma idan za a gwada shi a wajenmu, filayen shinkafa na hukumar SEMRY a Yagwa sun fi gonar hekta ɗaya kama da wurinsa.

Alhaji, game da farashi, gaskiya kuka faɗa a kan wannan hanya: a yau amoniyar lantarki ta fi ta gas tsada, kuma idan aka tilasta ta yanzu manomi zai biya. Abin da bai kamata a bar masana'antu su fake da shi ba shi ne yoyon mitan da naitiros oksaid da ɓarnar zafi. A nan masu sayen taki da yawa suna da murya. Kamfanonin auduga na Kamaru da Cadi, da ƙungiyoyin manoma da ke zama tare da su wajen odar taki, suna iya sa sharaɗi a takardar neman masu kawo kaya cewa kowane mai tayi ya bayyana masana'antar da takin ya fito, ko da gas aka yi shi ko da kwal, da yawan hayaƙin kowane tan. Masu sayar wa Turai sun riga sun fara tattara waɗannan alƙaluma saboda harajin da kuka ambata, don haka ba wani sabon aiki za a ɗora musu ba. Malam Hamadu, wannan ita ce bukatar da zan ba ku shawarar ku miƙa wa wakilanku kafin a rufe odar damina mai zuwa.